Jidda Ba Kasuwa Kaɗai Ba Ce: Abin Da Mai Iyali Zai Nuna Wa 'Ya'yansa A Ƙofar Makka

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani gari wanda mafi yawan alhazan ƙasar nan sun taka ƙasarsa, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya bugun ƙirji su ce sun gan shi. Garin nan kuwa shi ne Jidda, wanda ke bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 75 yamma da Makka. In aka tari alhaji a nan Tudun Wada aka ce ya ba da labarin Jidda, abin da zai faɗa ba zai wuce uku ba, watau zaman jiran jirgi, da rigimar awon kaya, da cinikin darduma da zannuwa a kasuwar Bab Sharif. A da can wannan ba abin damuwa ba ne, gama maigida shi kaɗai ke tafiya, ko shi da uwargida, kuma hankalinsu duk yana kan gida. Amma yanzu zamani ya kawo mu inda waɗanda Allah ya hore wa sukan kwashi iyali gaba ɗaya zuwa Umra, ko a watan azumi ko a hutun makaranta na ƙarshen shekara, su kashe miliyoyin Naira, sa'an nan a rage kwana ɗaya ko biyu kafin jirgi ya tashi, a ƙarar da su tsakanin ɗakin otal da kantuna. Yaro ya je har bakin teku ya komo Zariya bai ga teku ba. Wannan hasara ce, ko da ba ta shiga lissafin kuɗi ba.

Mun san akwai waɗanda za su ce ai wanda ya tafi ibada ba shi da lokacin yawon buɗe ido. Niyyarsu mai kyau ce, kuma lalle duk sa'ar da mutum zai iya yi a cikin Harami ta fi kowace sa'a a waje. Sai dai mu tuna, Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, ya kuma yi ta jawo hankalin bayi ga teku da abin da ke cikinta da jiragen da ke gudu a kanta. Yawon da aka yi shi da wannan niyya, bayan an sauke abin da ya kai mutum, karatu ne. Wanda aka yi shi don fariya ko don kallon abin da shari'a ta hana, shi ne abin zargi, ko a Jidda aka yi shi ko a Kaduna.

ƘOFAR DA KAKANNINMU SUKA BI

Abu na farko da ya kamata uba ya gaya wa 'ya'yansa shi ne yadda garin ya zama ƙofar Makka. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tashar jiragen ruwan mutanen Makka tana wani wuri ne kudu da Jidda da ake kira Shu'aiba, kuma daga can ne sahabban da suka yi hijira ta farko suka shiga jirgi zuwa Habasha. Halifa na uku, Sayyidina Usmanu ɗan Affan, shi ya mai da tashar zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan hijira, domin ta fi kusa da Makka. Tun daga ran nan har zuwa fitowar jirgin sama, yawancin alhazan da suka zo ta ruwa a nan suka fara sa ƙafa a ƙasar Hijaz.

Cikin waɗannan alhazai akwai namu. Kafin jirgin sama ya yawaita, mutumin Zazzau ko Kano ko Katsina yakan yi sallama da iyalinsa sallamar da ba a tabbatar da sake ganawa ba, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tafiya yana yada zango yana noma ko ɗinki ko koyar da yara don ya sami guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani kuwa sai ya tsufa a hanya, 'ya'yan da ya haifa a can su ƙarasa masa. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, jama'a mai yawa ta bi wannan hanya ta gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin kogin Nilu a garin da har yau ake kira da sunansa. Daga Sawakin zuwa Jidda ruwa ne na kimanin kilomita 300, a jiragen katako masu tafiya da iska aka riƙa ƙetare shi, ba kuwa duk wanda ya shiga ne ya fita ba. Saboda haka in mai iyali ya tsaya a bakin ruwan Jidda da yamma, ya nuna wa yaransa inda rana ke faɗuwa ya ce musu ta can kakanninku suka ɓullo, ya ba su darasin da ba za su same shi a aji ba.

Mu mutanen Zariya muna ma da namu hannu a cikin tarihin alhazai a garin nan. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne ya kawo batu a Majalisar Wakilai ta Ikko cikin 1953 cewa a buɗe wa Nijeriya ofishi a Jidda don kula da alhazanta, ya kuma tafi Hajji a shekarar ya komo da rahoton wahalar da ya gani. Sardaunan Sakkwato ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kana a 1957 marigayi Shehu Abubakar Gumi ya zauna a Jidda yana jami'in alhazan Nijeriya. Duk hukumomin alhazai da muka sani daga baya a kan wannan harsashi aka ɗora su.

TSOHON GARI

Wurin da za a fara da shi shi ne tsohon gari, wanda mutanen can ke kira Balad. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye shi da ganuwa bisa umurnin Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri, don tsoron Turawan Fotugal waɗanda jiragensu suka shigo Bahar Maliya, har suka zo wa Jidda da yaƙi a 1517 ba su ci nasara ba. Ganuwar ta tsaya sama da shekara 400, sai a 1947 aka rushe ta don gari ya sami wurin faɗaɗa. Sunayen ƙofofinta dai sun saura, irin su Bab Makka da Bab Madina da Bab Sharif, kamar yadda mu ma a birnin Zazzau muke cewa Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan ko a inda ganuwar ta zama tudun ƙasa.

Abin da zai ƙayatar da yara a Balad shi ne gidajen. Benaye ne dogaye, hawa uku, huɗu, har biyar, an gina su da dutsen da ake fasowa daga bakin teku, wanda asalinsa gidan wasu ƙananan halittun ruwa ne, 'yan'uwan murjanin nan da iyayenmu mata ke ado da shi. A jikin kowane gida an kafa tagogi na katako masu saƙa kamar rariya, suna turo kai bisa hanya, ana ce musu rawashin. Hikimarsu biyu ce. Iskar teku takan ratso ta cikinsu ta sanyaya ɗaki a garin da zafinsa ke haɗe da gumi, sa'an nan matan gida suna iya kallon abin da ke gudana a titi ba tare da na waje ya gan su ba. Ga sutura, ga iska, ga haske, duk a katako guda. Maginanmu na yau da ke toshe gida da bulo da gilashi sa'an nan su bar mai gida da neman wutar fanka, da sun je sun ɗan tsaya a gindin waɗannan tagogi.

Mafi shahara a cikin gidajen shi ne gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya shiga Jidda a watan Disamba na 1925. Ana ba da labari cewa an yi matakalar gidan da faɗi da sauƙin hawa don raƙumi ya iya hawa da kaya har sama. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya, kuma yaranmu za su yi dariya in suka gane ta, gama ba wata ba ce illa dalbejiya, irin wadda ke kowane lungu a Tudun Wada. An ce akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a cikin garin saboda ƙarancin ruwa, har masu aiko da wasiƙa sukan rubuta gida mai bishiya kurum, ta kuwa iso. Ba nisa da nan akwai kasuwar Alawi mai turare da kayan yaji, da Masallacin Shafi'i wanda ke cikin mafi daɗewar masallatan garin, hasumiyarsa ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ya kamata a daidaita zuwan ya dace da sallar la'asar ko magariba, a yi ta a can cikin jam'i.

A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tun daga nan hukuma take ta gyaran gidajen ɗaya bayan ɗaya, bayan da yawa sun riga sun rushe ko sun ƙone. A nan ba za mu iya yin shiru ba. Muna da Masallacin Juma'a na birnin Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo, amma sai da wani sashensa ya rufta a kan masallata cikin watan Agusta na 2023, aka yi hasarar rayuka, sa'an nan hankalin mutane da yawa ya komo kansa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsohon gini amana ne, kuma kulawa yake so tun yana tsaye.

Akwai kuma wani wuri kusa da tsohon gari da direbobi ke son kai baƙi, watau maƙabartar da ake dangantawa ga Nana Hauwa'u, uwar 'yan Adam, har wasu na cewa sunan garin ma daga kalmar Larabci mai nufin kaka ya samo asali. Maganar ta daɗe, gama matafiyin nan Ibn Jubair wanda ya sauka Jidda a 1183 ya ambaci wurin. Amma daɗewar magana ba ta zama hujja, kuma malamai sun bayyana cewa babu wani ingantaccen nassi da ya tabbatar da inda kabarinta yake. Hukuma ta rushe ginin da ke kan wurin tun farkon mulkin gidan Sa'ud. Wanda ya bi ta wurin sai ya yi wa mamatan Musulmi sallama da addu'a kamar kowace maƙabarta, ya wuce. Kada a ɗebi ƙasa, kada a ba kowa kuɗi da sunan neman tubarraki.

BAKIN TEKU

In rana ta yi sanyi sai a nufi bakin teku, inda aka shimfiɗa hanya da wuraren zama da filayen wasan yara na tsawon kusan kilomita 30, ana ce da wurin Kurnish. Shiga ba a biya. Iyalan garin sukan fito da darduma da butar shayi su zauna har dare, kuma ba abin da zai hana namu yin haka. Yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne Kubanni da Galma, in ya tsaya gaban ruwan da ba a hango gaɓarsa, yakan yi shiru na ɗan lokaci. Wannan shirun shi ne lokacin da uba ko uwa za su tuna masa da abin da ya haddace a Islamiyya cikin Suratur Rahman game da tekuna biyu da lu'ulu'u da murjani da manyan jirage. A bar shi ya ɗanɗana ruwan da yatsa. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kimanin giram 40 a kowace lita, domin rana na ƙafar da ita kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta.

Daga nan sai fiƙihu ya shigo da kansa. Yaro zai tambaya, shin ana alwala da wannan ruwa mai ɗaci? An riga an yi wa Manzon Allah wannan tambaya, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya kuwa bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, abin da ya mutu a cikinsa kuma halal ne. Shi ya sa ba a yanka kifi. Daɗin daɗawa, a gaya masa cewa ruwan famfon da ya yi alwala da shi a masaukinsu na Makka, mafi yawansa daga wannan teku aka jawo shi aka tace gishirin, kuma ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun da ke wannan aiki tana Shu'aiba, wurin nan da masu hijira suka shiga jirgi. Mai son ƙarin bayani a aikace sai ya kai yara babbar kasuwar kifi da sassafe, ko gidan kifaye na Fakieh da aka buɗe a 2013, inda ake bi ta wata hanya ta gilashi kifaye na yawo bisa kan mutum. Can ana biyan kuɗin shiga.

A arewacin Kurnish akwai Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ta cika sai a ga kamar yana iyo. Masallaci ne mai kyau, amma mu ja kunnen 'yan'uwa, ba shi da wata falala ta musamman a kan sauran masallatai, kuma wurin salla ne, ba wurin ɗaukar hoto ana ɗaga murya ba. Da dare kuma sai a kalli ruwan nan mai tashi sama da ake kira da sunan Sarki Fahad, wanda aka ƙaddamar a 1985. Injuna ke zuƙo ruwan teku su harba shi sama fiye da mita 260, fitilu na haska shi, ana hango shi daga nesa ƙwarai. A shataletalen garin kuma akwai manyan ƙere-ƙere da aka kakkafa tun zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wanda yara suka fi so shi ne wani ƙaton keke da ya fi gida tsawo. Mai hali yana iya ƙarasawa Obhur, arewa da gari, inda teku ta kutso cikin tudu, ya ɗauki hayar kwalekwale mai inji. Amma fa a tabbata kowane yaro ya sa rigar kariya, domin yaranmu kaɗan ne suka iya ruwa, kuma kada a shiga wanka sai inda hukuma ta yarda.

ABIN LURA

Wanda ya san Jidda shekara 20 da suka wuce kada ya zaci ita zai tarar. Tun daga 2018 an buɗe gidajen silima a ƙasar, ana shirya bukukuwan kiɗa, an fara tseren motoci a bakin Kurnish a 2021, kantuna da yawa kuma ba su rufewa lokacin salla kamar da. Ma'anar wannan ita ce nauyin zaɓe ya komo wuyan maigida. Ba ɗan sandan da zai kora shi masallaci, shi zai dubi agogo ya tara iyalinsa. Har ila yau, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a kudanci da tsakiyar garin, cikinsu har da Sabil da Karantina inda 'yan Afirka da yawa, har da Hausawa, suka daɗe da zama. Mai tafiya da tsohon kwatance na wani ɗan'uwa sai ya bincika tun daga gida. Sa'an nan wanda ya shiga ƙasar da biza ya fita kafin wa'adinta ya cika. Zaman ɓoye ya jawo wa sunan ƙasarmu abin da ya ishe shi, kuma saɓa alkawari ne ko da a ƙasa mai tsarki aka yi shi.

Ta wajen hukunci, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar ziyarar Jidda sai an gama komai a Makka an yi ɗawafin bankwana, domin a huta da tambayar ko sai an sake ɗaura harami in za a koma. Game da ƙasaru, Muwaɗɗa ta kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Jidda, Imamu Malik kuma ya ƙiyasta ta da baridi huɗu, watau mil 48. Sai dai garuruwan biyu sun faɗaɗa sun matso kusa da juna, har malaman wannan zamani sun saɓa a kan ko hukuncin yana nan, don haka kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018 yana haɗa Makka da Jidda da Madina cikin sauri, amma wanda ya ɗauki mota ta tsohuwar hanya yana da riba guda, gama zai bi ta Hudaibiyya, wadda yanzu ake kira Shumaisi, inda aka ƙulla sulhun nan da Ƙuraishawa a shekara ta 6 bayan hijira. Watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne masu sauƙin zafi. A sauran watanni kada a fita da ƙananan yara da tsakar rana.

Daga ƙarshe dai filin jirgi za a koma, watau filin Sarki Abdul'aziz da aka buɗe a 1981, mai rumfar alhazai da aka yi wa rufi kamar tantuna 210 a jere. Ko a nan akwai abin da za a gaya wa yara yayin da ake jiran kiran jirgi. Ranar 11 ga watan Yuli 1991 wani jirgi ɗauke da alhazanmu ya tashi daga wannan fili zai nufi Sakkwato, wuta ta kama shi, ya faɗi kafin ya kai ga sauka, mutum 261 da ke ciki ba wanda ya tsira. Sun gama Hajjinsu, tsarabarsu na cikin jirgi, iyalansu na jira a gida. A sa yara su ɗaga hannu su yi musu addu'a, su haɗa da waɗanda ruwa ya ci tsakanin Sawakin da Jidda, waɗanda ba wanda ya rubuta sunayensu.